Gajiya biyu a jiki ɗaya: kundin bin sawun numfashina na dare

9 ga Janairu

Shekara tara ke nan ina fama da cutar MS (multiple sclerosis). Ga wanda bai san ta ba, garkuwar jiki ce ke juyowa ta riƙa cinye rigar da ke lulluɓe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar a ce ana ɓare robar da ke jikin wayar lantarki, sai saƙo ya riƙa jinkiri a hanya ko ya ɓace. A shekarun nan ƙafata ta taɓa mutuwa ta dawo, idona na hagu ya taɓa dushewa ya washe, amma gajiya ba ta taɓa ɗaga mini ƙafa ba ko na mako guda. Duk sanda na kai kuka amsar ɗaya ce: gajiyar MS ce, sai haƙuri. Na karɓa ban yi gardama ba, domin kusan duk mai wannan cuta da na sani kukan da yake yi ke nan.

Abin da ya sa na buɗe wannan kundi shi ne maganar da maigida ya yi mini shekaranjiya. Ya ce ya farka cikin dare ya ji ɗakin ya yi tsit, ya duba ya ga ƙirjina yana motsi amma babu iskar da ke fita, can sai na ja wani dogon numfashi da ƙara kamar wadda aka tsamo daga ruwa, na juya na ci gaba da barci. Na ce ni ban san an yi ba. Daren jiya ya ɗauke ni da wayarsa, da safe ya nuna mini. Gani ya kori ji. Na ƙirga daƙiƙa 23 ina kwance rigingine babu numfashi, kuma a cikin minti goma da ya ɗauka sau huɗu hakan ta faru.

Abu uku nake so in yi. In tabbatar da ko mene ne wannan ta hanyar gwaji, in yi maganinsa idan yana da magani, sannan in auna da kaina wane kaso na gajiyar nan ne nasa, wane ne na MS. Na ukun ne ya fi damuna.

16 ga Janairu

Na ga likitar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, na nuna mata bidiyon. Ta kalla har sau biyu, sannan ta ba ni takardu uku in cike.

Ta farko ita ce STOP-BANG, tambayoyi takwas da Frances Chung da abokan aikinta suka fitar a Toronto a 2008: minshari mai ƙarfi, gajiya da rana, ko wani ya taɓa ganin numfashinka ya ɗauke, hawan jini, ƙiba sosai, shekaru sama da 50, kaurin wuya, da kasancewa namiji. Wanda ya samu 3 ko fiye ana zarginsa da matsalar ɗaukewar numfashi cikin barci. Na samu 3 cif. Amma da na sake duba takardar sai jikina ya yi sanyi: biyu daga cikin ukun nan daga bakin maigida suka fito. Ni mace ce, shekaruna 41, ba ni da ƙiba, ba ni da hawan jini. Da ni kaɗai nake kwana, da 1 zan samu, a sallame ni a ce lafiyar barcina ƙalau. Mata sun ninka maza sau biyu ko fiye a cikin masu MS, kuma da yawansu kamata suke. Wa zai tsaya musu shaida?

Ta biyu ma'aunin gyangyaɗi ne na Epworth, wanda Murray Johns ya tsara a Melbourne a 1991. Yanayi takwas ne, kamar zama ana karatu ko zama a mota ana tafiya, kana ba kowanne maki daga 0 zuwa 3. Jimla 24, abin da ya haura 10 ya yi yawa. Na samu 14. Ta uku ma'aunin tsananin gajiya ne na Lauren Krupp na 1989, jimloli tara, kowace daga 1 zuwa 7. Matsakaicina ya kama 6.

Na ce mata, "Likita, ai duk abu ɗaya suke tambaya." Ta ce a'a, ki zauna ki yi tunani. Gyangyaɗi shi ne ido ya rufe ba da izininki ba. Gajiya kuwa idonki biyu, amma ɗaga hannu ki taje kai ya zama aiki. Shekara tara ina kiran su da suna ɗaya.

24 ga Janairu

Karatu na yi a makon nan. Ɗaukewar numfashi cikin barci iri biyu ce. A ta farko maƙogwaro ne ke rufewa: tsokokin harshe da ganɗa suna saki idan barci ya yi nauyi, hanyar iska ta manne, ƙirji yana ta ja amma babu abin da ke shiga. A ta biyu hanya a buɗe take, umarnin ne bai zo ba, ƙirjin ma ba ya motsi. Cibiyar da ke ba da wannan umarni tana gindin ƙwaƙwalwa, inda ta haɗu da laka. Jijiyoyin da ke riƙe harshe da maƙogwaro su ma daga nan suke fitowa. Ke nan tabo ɗaya na MS a wannan wuri yana iya jawo kowace daga cikin biyun.

Na ɗauko rahoton hoton ƙwaƙwalwata na ƙarshe, wanda ake kira MRI. Akwai tabo a gindin ƙwaƙwalwa, an rubuta shi baƙi da fari tun shekara huɗu da suka wuce.

Tiffany Braley ta Jami'ar Michigan ta yi aiki a kan wannan sosai. A bincikenta na 2012 ta gano cewa masu MS da cutar ta taɓa musu gindin ƙwaƙwalwa sun fi sauran yawan ɗaukewar numfashi. A na 2014 ta tambayi masu MS 195: kashi 56 cikin ɗari sun samu 3 ko fiye a STOP-BANG, amma kashi 21 kawai aka taɓa tabbatar musu da matsalar. Ba duk wanda takarda ta zarga ne yake da ita ba, na sani. Duk da haka tazarar ta yi faɗi, kuma na san abin da ke cikinta, domin a ciki na zauna. Da zarar an ba gajiyar mutum suna, sai kowa ya daina tambaya, har shi kansa. An bar jaki ana dukan taiki.

6 ga Fabrairu

An sa ranar gwaji. Na so a ba ni ƙaramar na'urar da ake kwana da ita a gida, likitan barci ya ce ba da ni ba. Dalilinsa biyu: tabon nan, da kuma baclofen da nake sha don sandarewar ƙafa, wanda shi ma yana iya rage kuzarin cibiyar numfashi. Na'urar gida ba ta auna ƙwaƙwalwa, ba ta san ko barci kake yi ko ido biyu kake kwance ba, kuma ba a dogara da ita wajen gano iri na biyu. Sai dai in kwana a ɗakin gwaji.

20 ga Fabrairu

Na kwana. Ma'aikaciyar ta shafe kusan awa guda tana manna mini wayoyi: a fatar kai, gefen ido, haɓa, ƙirji, ƙwauri, ga ɗamara biyu a ƙirji da ciki, ga siririn bututu a hanci, ga abin auna iskar oksijin a yatsa. Na gaya mata tun farko cewa ina tashi fitsari sau huɗu a dare kuma ƙafata ba ta ɗaukata da sauri. Na ji nauyin faɗa, amma ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ta nuna mini yadda duk wayoyin ke haɗuwa a akwati ɗaya da ake cirewa a rataya a wuya, ta ce in kira ta kawai. Sau uku na kira. Duk mai MS da za a yi wa gwajin nan, ya faɗi maganar mafitsara da ta tafiya kafin a fara manna komai.

Na ɗauka ban yi barci ba sam. Da safe ta ce na yi awa biyar da 'yan mintuna.

5 ga Maris

Sakamako ya fito. Ana ƙirga duk lokacin da iska ta tsaya cak na daƙiƙa 10 ko fiye, da duk lokacin da ta ragu sosai har oksijin ya sauka ko ƙwaƙwalwa ta zabura, sai a raba da awannin barci. Daga 5 zuwa 15 a awa mai sauƙi ne, 15 zuwa 30 matsakaici, sama da 30 mai tsanani. Nawa 22. Mafi yawansu rufewar maƙogwaro ne, kusan 4 a awa kuma na rashin umarni. A rigingine abin ya ninka na kwanciyar gefe, ya kuma fi muni a barcin mafarki, lokacin da tsokoki ke saki gaba ɗaya. Oksijin ya sauka har 84 cikin ɗari.

Na yi lissafi a takarda: sama da sau ɗari a dare ɗaya ƙwaƙwalwata ke zabura ta ceto numfashi, ni ban sani ba. Na koma mota na yi kuka. Ba tsoro ne ya sa ni kuka ba. Na tuna shekarun da na yi ina zargin kaina da son jiki, ina ba yara haƙuri don barci ya sace ni suna ba ni labarin makaranta.

Likitan ya ƙara mini wani abu da ban taɓa ji ba. Idan ƙirji yana ja da ƙarfi alhali maƙogwaro a rufe, zuciya tana miƙewa kamar jini ya yi mata yawa, sai ta saki wani sinadari da ke sa ƙoda ta ƙara fitar da ruwa. Wato tashin fitsarin dare da na daɗe ina ɗora wa mafitsarar MS, wataƙila wani kasonsa daga maƙogwaro yake.

14 ga Maris

Na karɓi na'urar CPAP. Ba oksijin take bayarwa ba, kamar yadda Yaya ta zata har hankalinta ya tashi a waya tana cewa, "Ƙanwata, abin har ya kai haka?" Iskar ɗaki ce take turawa da ɗan ƙarfi ta cikin mesa zuwa takunkumi, ta riƙe maƙogwaro a buɗe. Colin Sullivan ne ya fara gwada dabarar a Sydney, ya wallafa a 1981. Tawa mai daidaita kanta ce, an sa wa ƙarfin iskar da take turawa iyaka daga 5 zuwa 12.

Daren farko awa ɗaya da rabi. Na cire ban san na cire ba.

22 ga Maris

Mako mai wuya. Takardar bayanin na'urar an rubuta ta ne don mai hannu biyu lafiyayyu. Yatsun hannuna na dama ba sa jin abu sosai, kuma maɓallan takunkumin ƙanana ne, a bayan kunne, a cikin duhu. Duk tashi fitsari sai na kwance shi, in na dawo in yi ta lalube, kafin in gama barci ya gudu. Ga gefen fuskata na hagu inda jijiya ke yi mini zogi lokaci zuwa lokaci, daidai nan igiyar ta bi.

Matsakaicin amfani a makon nan awa 2 da minti 40. Ma'aunin da likitoci ke dubawa shi ne aƙalla awa 4 a dare, a kashi 70 cikin ɗari na darare. Ban kai ba.

1 ga Afrilu

Abu biyu sun gyaru. Ma'aikacin da ke kula da na'urori ya canja mini takunkumi zuwa ɗan ƙarami mai zama a ƙofar hanci, igiyarsa ɗaya ce mai talewa, ana zura ta kamar hula, babu maɓalli ko ɗaya, kuma ba ta bin wurin zogin. Na biyun maigida ne ya gano shi. Ya ce, "Me ya sa sai kin cire duka? Ki zare mesar kawai, ki tafi da shi a fuska." Haka nake yi yanzu, in dawo in soka mesa in kwanta.

Na kuma rage zafin tukunyar ruwan da ke jiƙa iskar. Masu MS da yawa zafi yana tayar musu da alamun cutar na ɗan lokaci, abin da ake kira da sunan likita Wilhelm Uhthoff, ni ma ina cikinsu, kuma iska mai ɗumi a fuska tana sa ni jin kamar zan narke. Na bar ta a mataki na biyu. Hanci yana ɗan bushewa, amma na fi iya jure wannan.

Daren jiya awa 5 da minti 50.

12 ga Afrilu

Na tsorata a makon nan. Allon na'urar yana nuna rufewar maƙogwaro ta kusan ƙarewa, amma ɗaukewar da babu umarni ta hau daga 4 zuwa 8 a awa. Na kira asibiti. Likitan barci ya ce sananniyar aba ce: wasu idan aka buɗe musu hanya sai su riƙa fitar da gurɓatacciyar iska fiye da yadda jiki ya saba, ita kuwa wannan iskar ce ke zaburar da ƙwaƙwalwa ta ce a ja numfashi, in ta yi ƙasa sai ƙwaƙwalwa ta ɗan dakata. Ga mafi yawan mutane abin yana lafawa cikin makonni. Ya sauke iyakar sama daga 12 zuwa 9, ya ce mu ba shi wata biyu. In bai lafa ba akwai wata na'ura mai cike gurbin numfashin da ya ɓace, amma sai an duba ƙarfin zuciya tukuna, domin wani babban gwaji da aka wallafa a 2015 ya nuna tana da haɗari ga masu raunin bugun zuciya.

Ya kuma nemi jerin magungunana duka, ya rubuta wa likitar jijiyoyi. Baclofen, gabapentin, magungunan barci irin su clonazepam, da masu kashe zafi dangin opiyom, duk suna iya danne numfashi, balle a haɗa su. Hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan gabapentin tun Disamban 2019. Baclofen da gabapentin nake sha. Abin da ya ja mini kunne a kai, ni ma nake ja wa duk mai karanta wannan: ba a yanke baclofen rana ɗaya. Yin haka yana iya jawo farfaɗiya da ruɗewa. Likita ce za ta rage, a hankali.

Ya ɗaure mini kai cewa sai yanzu likitocin nan biyu suka yi magana da juna a kaina.

3 ga Mayu

An rage baclofen na dare da rabi, an mayar da kason zuwa rana. Ƙafa ta ɗan ƙara sandarewa da asuba, ina miƙe ta kafin in sauka daga gado. Na sa dogon filo a bayana don kada in koma rigingine.

19 ga Mayu

Ciwon MS ya tashi. Hannun hagu ya yi nauyi, aka yi mini ƙarin ruwa na methylprednisolone, maganin kwantar da tashin ciwon, kwana uku. Wanda ya taɓa karɓa ya san yadda yake hana ido rufuwa. Dare biyar ina kwance da takunkumi ina kallon rufi. Na cire waɗannan kwanaki da mako biyun da suka biyo baya daga lissafina, domin duk abin da zan auna a ciki na maganin ne da na tashin ciwon, ba na numfashi ba.

21 ga Yuni

Na sake cike takardun nan, wata uku da fara amfani da na'ura. Matsakaicin amfani a wata na ƙarshe awa 6 da minti 10. Ɗaukewar numfashi duka ta dawo 4 a awa, marar umarni 2.

Epworth ya sauka daga 14 zuwa 7. Ciwon kan da nake tashi da shi, wanda na daɗe da daina lissafa shi a matsayin ciwo, ya tafi. Tashin fitsari ya dawo sau biyu. Ina karanta shafi ashirin ban yi gyangyaɗi ba, kuma kalmomin da kan maƙale mini a baki da safe sun fi zuwa da wuri.

Ma'aunin gajiya kuwa daga 6 ya sauka zuwa 5 da ɗan kai. Ke nan da kaɗan ya motsa. Misalin ƙarfe uku na rana har yanzu wani nauyi yana sauko mini a kafaɗa da cinya, ido biyu, hankali garau, amma jiki ya ce ya gama aikin yau. Wannan ita ce ta MS, yanzu na san fuskarta ita kaɗai ba tare da ɗayar ta ɓoye a bayanta ba.

Raina ya ɗan sosu, ba zan ɓoye ba, don na sa rai da fiye da haka. Amma abin da na gani ya yi daidai da wani gwaji da aka yi a Montreal aka wallafa a 2022, inda aka raba masu MS da ke da wannan matsala gida biyu, wasu da CPAP na gaske wasu da na boge. Bayan wata shida ma'aunin gajiya bai nuna bambancin a zo a gani ba. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, don haka ba a rufe maganar ba. Abin da ba na so shi ne wani ya karanta wannan ya ce ashe babu amfani. Safiyata ta dawo hannuna. Aikin da a da nake jan sa yini guda cikin hazo yanzu ina gama shi kafin azahar, in bar la'asar ga hutawa ba tare da jin na yi laifi ba. Ban da haka, ɗaukewar numfashin da aka bari ba magani tana tura mutum ga hawan jini da ciwon zuciya, ko da gajiya ko babu.

5 ga Yuli

Yaya ta zo ta kwana biyu. Ta ce da dare ta leƙo ta tsaya a ƙofa tana saurare, ba ta ji komai ba sai ɗan hucin na'ura. Na tura wa mata uku masu MS da muke zumunci tambayoyin STOP-BANG, na ce kowace ta sa wani ya saurare ta dare ɗaya kafin ta cike, wadda ke kwana ita kaɗai kuma ta bar waya tana ɗaukar sauti. Ɗaya ta riga ta turo mini nata da asuba, ta rubuta a ƙasa, "Yaya, ni ce wannan?" Ta nemi ganin likita.

17 ga Yuli

Saura abu biyu. Likitar jijiyoyi ta rubuta mini gwajin hura iska, a zaune sannan a kwance, don a ga ƙarfin tantanin da ke raba ƙirji da ciki. Idan abin da huhu ke iya fitarwa ya faɗi sosai a kwance, alama ce tsokar ta yi rauni, kuma wannan CPAP ba ya maganinsa, sai na'ura mai taimaka wa jan numfashin kansa. Ba ta zargin haka a kaina yanzu, tana so ne a samu lambar da za a riƙa kwatantawa da ita duk shekara. An sa ranar 8 ga Agusta.

Na biyu ƙafafuna ne. Takardar gwajin Fabrairu ta nuna suna harbawa cikin barci, kuma da yamma ina jin wani abu kamar tafiyar kiyashi a ƙwauri wanda ba ya lafawa sai na motsa. Wannan ma ya fi yawa ga masu MS. Gobe da safe za a ɗebi jinina a auna ajiyar sinadarin ƙarfe, tunda ƙarancinsa yana ƙara abin. Na buɗe masa sabon shafi a littafin da nake rubuta awannin na'ura, na ja layi uku: lokacin da ya fara, ƙafar da ya kama, da mintunan da ya ci kafin barci ya ɗauke ni.